Sharuɗɗan Kammala Digirin Bayoloji da Amfanin Zuwa Wurin Kodinetan Aji

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Jos, na gama aji ɗaya a fannin ilimin halittu. Likitanci na nema, sai aka ba ni wannan. Sakamakona ya fito da CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da na yi, 2.50, kuma na faɗi Kimistiri na zango na farko da Fiziks na zango na biyu. Mene ne ake buƙata in cika kafin in kammala digirin? In ci gaba ne, ko in sake rubuta JAMB? An ce in je wurin kodinetan ajinmu, amma ban san abin da zan faɗa masa ba.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika yi wannan tambaya yanzu, kina shirin shiga aji biyu. Na daɗe ina koyarwa a wannan fanni, na kuma riƙe kodinetan aji, wato malamin da ke kula da rajista da sakamakon ɗaliban aji guda, kuma yawancin masu zuwa da irin tambayarki sai sun kai aji huɗu suke zuwa, lokacin da abin da za a iya gyarawa ya rage kaɗan. Ke kuwa har yanzu kusan kome yana hannunki, da sharaɗin ki fahimci cewa ba da yawan shekarun da kika yi a makaranta ake ba da digiri ba, da lissafin kiredit da maki ake ba da shi, kuma wannan lissafi ke ce za ki riƙe shi da kanki.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, mai hedikwata a Abuja, ita ce ke tsara mafi ƙarancin abin da kowace jami'a a Najeriya za ta koyar. A watan Disamba na 2022 ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin BMAS na da. A wannan sabon tsari, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasan, sauran kashi 30 kuma an bar wa kowace jami'a ta cika da abin da ya dace da yankinta da ƙwarewar malamanta. Wanda ya shigo ta jarrabawar UTME, wato ta JAMB, digirin shekara 4 ne a gabansa, kuma dole ne ya ci aƙalla kiredit 120. Wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da sakamakon IJMB ko NCE ko difloma, shekara 3 zai yi, da kiredit 90 aƙalla. Ki lura da kalmar aƙalla, domin sashenki yana iya neman fiye da haka, kuma adadin da ke rubuce a kundin ɗalibi na sashenki, na shekarar da kika shigo, shi ne zai yi miki hukunci ranar da za a kai sakamakonki gaban majalisar jami'a. Idan ba ki da wannan kundi, ki je ofishin sashe ki nema kafin ki yi rajistar bana. Kada ki dogara da na wata da ta girme ki da shekara biyu ko uku, domin mai yiwuwa ita a tsohuwar manhaja take, lambobin kwasa-kwasanta da nauyinsu sun bambanta da naki.

Kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako tsawon zango mai mako 15, ko kuma awa 3 na aikin ɗakin gwaje-gwaje a kowane mako. Wannan ne ya sa za ki ga firatikal mai kiredit 1 yana cinye miki yamma guda, alhali laccar da ke da kiredit 2 awa biyu ce kawai. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya rajistar ƙasa da kiredit 15 a zango, ba ya kuma wuce 24. Wannan iyaka ta 24 ita ce za ta fi shafar ki, zan kuma dawo kanta.

Kwasa-kwasan kansu ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai na dole, waɗanda ko da makinki ya kai sama ba za ki fita ba sai kin ci kowannensu. Akwai na zaɓi, waɗanda kike ɗauka don cike kiredit da faɗaɗa sani. Akwai kuma na bai-ɗaya da kowane ɗalibin jami'a ke yi, wato GST, irin su Turancin sadarwa, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da zaman lafiya da sasanta rikici, tare da kwasa-kwasan koyon sana'a da kasuwanci. Ɗaliban kimiyya sun saba raina GST, suna ganin ba fanninsu ba ne, amma na ga wanda ya gama binciken kammalawa da kyakkyawan sakamako, abokansa suka tafi hidimar ƙasa, shi yana zaune a gida yana jiran zango ya zagayo saboda GST ɗaya mai kiredit 2 da ya manta bai ci ba tun aji ɗaya. Sai kuma kwasa-kwasan da ke da sharaɗi, wato waɗanda ba a yarda ki yi rajistarsu ba sai kin ci na ƙasa da su. A nan ne Kimistirin da kika faɗi yake da haɗari, domin a kansa aka gina Kimistirin aji biyu da Bayokimistiri, kuma ko da sashenki bai hana ki rajistarsu ba, wadda ba ta gane lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, da haɗa ruwan gwaji ba za ta sha wuya a ilimin aikin gaɓoɓi da na ƙwayoyin halitta.

Yanzu ga yadda ake auna maki a tsarin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi. Daga 70 zuwa 100 A ce mai maki 5. 60 zuwa 69 B ce mai 4. 50 zuwa 59 C ce mai 3. 45 zuwa 49 D ce mai 2. 40 zuwa 44 E ce mai 1. Ƙasa da 40 kuma F ce, ba ta da kome. Ana ninka makin kowane kwas da kireditinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit ɗin da aka yi rajista. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga CGPA 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. Wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da 1.00, a wasu jami'o'in kuma ƙasa da 1.50, ana sa shi zaman gwaji na shekara guda, idan bai farfaɗo ba a sallame shi daga sashen. Akwai kuma iyakar zama: digirin shekara 4 ba ya wuce shekara 6.

Bari mu yi lissafin da halin da kike ciki, domin ki ga abin da idonki. A ce kin yi rajistar kiredit 36 a aji ɗaya, CGPA 2.50 yana nufin kin tara maki 90. A ce kuma zuwa ranar kammalawa jimillar abin da za ki yi rajista, har da maimaici, zai kai kiredit 140. Domin ki fita da 3.50 kina buƙatar maki 490, ke nan saura 400 a cikin kiredit 104 da suka rage, wato matsakaicin 3.85 a kowane zango daga yanzu. Wannan B ce a yawancin kwasa-kwasai, da 'yan A da za su rufe 'yan C, kuma abu ne da ɗaliba mai himma take iya yi. Amma a ce kin ci gaba da tafiya a kan 2.50 har ƙarshen aji uku, kin yi kiredit 104 da maki 260. Ko da kin ci A a kowane kwas na aji huɗu, maki 180 ne kawai za su ƙaru, jimilla 440, a raba da 140, ya ba da 3.14. Ƙofar daraja ta biyu babba ta rufe ke nan tun kafin ki shiga ajin ƙarshe, kome ƙoƙarin da za ki yi a cikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin aji biyu ya fi kowane aji muhimmanci ga mai irin sakamakonki.

Keri-oba, wato kwas ɗin da aka faɗi za a maimaita, bashi ne, kuma yana da riba a kansa. A yawancin jami'o'inmu, idan kika maimaita kwas kika ci, F ɗin farko ba ya gogewa daga lissafi. Kiredit ɗinsa yana nan a cikin abin da ake rabawa da shi. Sannan ƙa'ida ita ce a fara rajistar abin da aka faɗi kafin sababbin kwasa-kwasai, kuma kwas na zango na farko a zango na farko kaɗai ake yin sa, na biyu ma haka. Idan kwasa-kwasan aji biyu na zango na farko sun kai kiredit 23, kika ɗora Kimistiri mai kiredit 2 ko 3 a kai, kin wuce 24, dole wani kwas ya sauka ya jira baɗi. Wanne za a sauke? Wannan ita ce tambayar farko da za ki kai wa kodineta, domin idan kika sauke wanda yake sharaɗi ne ga wani kwas na aji uku, kin buɗe sabon rami da hannunki, alhali da na zaɓi kika sauke da babu abin da zai biyo baya. Ga kuma rikicin jadawali: laccar keri-oba ta aji ɗaya takan faɗo daidai lokacin firatikal na aji biyu, ga sharaɗin halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a shiga jarrabawa, ga tes da aikin gida da ke ɗauke da kashi 30 zuwa 40 na makin kwas. Masu keri-oba da yawa suna sake faɗuwa ne saboda sun ɗauka sun riga sun san kwas ɗin, ba su zuwa lacca, tes ya wuce su, su shiga jarrabawa suna neman 40 daga cikin 60 ko 70.

Fiziks ɗinki na zango na biyu yana da wani tarko na daban, wanda ɗalibai ba su cika hangowa ba. A sassan kimiyya da yawa, ɗaliban aji uku suna fita aikin koyon sana'a na SIWES a zango na biyu, wani lokaci har wata 6, kuma mai wannan fita ba ya zaman lacca balle ya rubuta jarrabawar keri-oba. Idan haka tsarin sashenki yake, damarki ta cin wannan Fiziks biyu ce kawai cikin shekarun da aka ɗiba: zango na biyu na aji biyu, da zango na biyu na aji huɗu, lokacin da binciken kammalawa ya sha miki kai. Idan ta biyun ta kuɓuce, sai ƙarin shekara. Don haka ki ɗauki Fiziks ɗin nan a bana kamar shi ne babban kwas ɗinki.

Tun da na ambaci SIWES, ki sani cewa zama a Jos gata ne ga ɗalibin ilimin halittu. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 ta kuma ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, a nan Jos hedikwatarta take. A Vom akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, NVRI, wadda tarihinta ya faro tun 1924, inda ake binciken cututtukan dabbobi da haɗa alluran rigakafinsu. A dajin Amurum da ke Laminga akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, take kuma horar da masu digiri na biyu a fannin kare halittu. A Kuru akwai tashar binciken dankalin Turawa, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a cikin gari, ga gandun namun daji, ga ɗakunan gwaje-gwajen asibitoci. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibar da ke da duk wannan a kusa da ita ta zaɓi wurin da za a sa mata hannu a littafin aiki ba tare da ta taɓa madubin ƙara girma ba, don kawai ta huta. SIWES kwas ne mai kiredit da maki, malami zai zo duba ki, za ki rubuta rahoto ki kare shi, kuma sau da yawa daga can ake samo batun binciken kammalawa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, da cututtukan dankali a gonakin Bokkos da Mangu, da tsirran da ke fitowa a tsakanin duwatsun Filato, duk batutuwa ne da ɗalibar aji huɗu za ta iya yin bincike na gaske a kansu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Wanda zai yi wannan da kyau kuwa sai ya riƙe kwas ɗin ƙididdigar halittu hannu bibbiyu, domin da shi ake fassara alƙaluman da aka tattaro.

Game da kodineta, aikinsa shi ne ya duba fom ɗin rajistarki kafin ya sa hannu, ya tabbatar kin sa keri-oba a gaba, ba ki wuce iyaka ba, ba ki tsallake sharaɗi ba, ya kuma riƙe tarihin sakamakonki tun daga aji ɗaya. Ba shi da ikon ƙara miki maki ko ɗaya, ba ya kuma iya yafe miki kwas na dole; duk wanda ya ce zai yi miki haka da kuɗi ko da wata alfarma yana jefa ki cikin abin da kan jawo kora, kuma idan wani ya matsa miki ta hanyar da ba ta dace ba, ki kai maganar wurin shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ki kuma sanar da iyayenki. Kodineta malami ne mai nasa laccoci da bincike, ɗalibansa kuma suna da yawa, saboda haka yadda kika je masa shi ne zai nuna irin taimakon da za ki samu. Ki je a makon farko na zango, kafin layin masu neman sa hannu ya cika baranda. Ki riƙe takardar sakamakonki ta zango biyu, da kundin sashe, da wata takarda guda da kika rubuta kwasa-kwasan bana a kanta da fensir, kowanne da kireditinsa, kin tara jimilla a ƙasa. Bayan gaisuwa ki ce: "Malam, ina da keri-oba biyu, ga su. Idan na ɗora na farkon, jimillata ta kai kaza. Wanne ya kamata in ajiye, kuma akwai wanda yake sharaɗi ne ga kwas na aji uku?" Malamin da aka zo wa da irin wannan shiri zai ba da amsa mai amfani cikin minti kaɗan, zai kuma riƙe fuskarki. Wadda ta miƙa fom kawai ta ce a sa mata hannu, hannun kawai za ta samu.

Ki kuma zama mai ajiyar takardu. Kowane fom na rajista da aka sa wa hannu, da rasidin kuɗin makaranta, da katin jarrabawa, ki yi musu hoto ki adana asalinsu a jaka ɗaya a gida. Idan sakamako ya fito babu makinki a wani kwas da kika rubuta, ki rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta a cikin wannan zangon, lokacin da takardun amsa da rajistar halartar jarrabawa suke kusa. Bayan shekara biyu nemo su yana da wuya. Kwas ɗin da kika yi rajista ba ki rubuta ba F ne, wanda kika rubuta ba ki yi rajista ba kuma ba a lissafa shi, don haka duk canjin da za ki yi, ki yi shi a cikin wa'adin ƙari da ragi da jami'a ke bayarwa a farkon zango. Idan rashin lafiya ko haihuwa ko rashin kuɗi ya tilasta miki tsayawa, kada ki ɓace haka kawai. Ki nemi ɗage karatu a rubuce, da shaidar asibitin jami'a in ta lafiya ce, domin a tsayar miki da lissafi. Ki duba tun yanzu cewa sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a takardun WAEC ko NECO da na JAMB da na jami'a, kuma sunanki yana cikin jerin waɗanda JAMB ta tabbatar da shigarsu, domin da wannan jeri NYSC ke aiki wajen kiran masu hidimar ƙasa.

Saura maganar likitanci, kuma zan faɗa miki ra'ayina ba tare da rufa-rufa ba. Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN, tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa canjin sashe zuwa can yake da wuya ƙwarai, kuma inda ake yin sa masu CGPA na can sama ake dubawa. Da 2.50 da keri-oba a Kimistiri da Fiziks, wannan hanya ba a buɗe take ba. Sake rubuta UTME halal ne, amma ki tambayi kanki da gaske: darussan da suka kayar da ke a aji ɗaya su ne dai za ki tarar a JAMB, su ne kuma a ajin farko na likitanci, inda ba a cika yin sassauci ga mai faɗuwa ba. Idan za ki gwada, ki gwada kina riƙe da gurbinki, kada ki saki na hannu ki kama na guje, kuma kada shirin JAMB ya cinye miki ajin da lissafin da muka yi ya nuna shi ne mafi tsada. Akwai hanya ta uku: wasu jami'o'i suna karɓar mai digiri na farko a fannin kimiyya da sakamako mai kyau kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci, kuma ita ma wannan hanya 3.50 ɗin nan take nema.

Ya kamata kuma ki san iyakar digirin da kike yi, domin kada wani ya ruɗe ki. Digirin Bayoloji ko na Maikurobayoloji ba ya ba ki lasisin aikin gwajin jini da sauran gwaje-gwajen marasa lafiya a matsayin ƙwararriya. Wannan na masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne da suka yi rajista da majalisarsu, MLSCN. Idan koyarwa kike so, za ki ƙara diflomar ilimi ta PGDE ki yi rajista da majalisar rajistar malamai, TRCN. Idan bincike ne, ko lafiyar al'umma, ko muhalli, ko kiwon kifi, ko harkar iri da tsirrai, digiri na biyu ne ke buɗe ƙofar, kuma yawancin makarantun gaba da digiri daraja ta biyu suke nema, mai daraja ta uku sai ya bi ta difloma tukuna. Kwasa-kwasan zaɓi na aji uku da huɗu su ne za su karkata ki zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka idan kin je wurin kodineta a wannan makon, bayan kun gama maganar keri-oba, ki roƙe shi ya nuna miki jerin na zaɓin da sashen ke koyarwa a zahiri, da malaman da ke bincike a ɓangaren da ya fi kwanta miki a rai.